Zoben da Aka Sa wa Iya a Badun

Ba mu kai Ɗan Barto, garin bakin iyaka, ba Iya ta jiƙa buhun gyaɗar mutane. Motar gyaɗa ce mai zuwa Kano, mu wajen ashirin a saman kaya, kuma duk gargadar da motar ta faɗa sai fitsari ya kufce mata. Karen motar, wani ƙato mai faffaɗar kafaɗa, shi ya fara jin wari. Ya bi buhunan yana shinshinawa kamar mai neman mushen ɓera, har ya tsaya a kanta. Ya ce gyaɗar Nasara ce, an auna an ɗinke, idan ta ruɓe shi za a ɗaure, saboda haka tsohuwa ta koma ƙarshen mota ta zauna a kan ƙarfe, ƙafafunta a waje. Na warware rawanina na ɗaure ta a jikin ƙarfen don kar ta faɗo. Ta kawar da fuska, kamar ba ta san mai ɗaurin ba.

Wajen shekara biyar ke nan kafin Faransa ta tattara ta tafi. Ina da shekara talatin da ɗoriya. Mu uku muka fito daga Matameye: ni, da mahaifiyata, da Gwaggo Dije ƙanwar marigayi babana.

Dole in faɗi dalilin zuwa da Gwaggo. Ni ne ɗan farin Iya. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta cin abinci a gabansa. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni. Ban taɓa jin sunana a bakin Iya ba. Idan tana son abu daga gare ni sai ta faɗa wa wani ina tsaye, ta ce a gaya wa wancan rufin rumbu ya lalace. Ni ma haka nake mayar da amsa. Na zauna da Barebari, na zauna da Larabawan Sudan daga baya a hanyar Makka, na ga kunya iri-iri, amma ban ga inda aka riƙe wannan kamar yadda Iya ta riƙe ta ba. Gwaggo ce bakinmu.

Ita ce ma ta gaya mini ciwon, da irin bakinta. Ta ce: “Kai mai yawon duniya, uwarka ta haifi tara, ta yi daka shekara arba'in, ta ja guga a rijiya mai gaba goma sha biyar. To, gidan da ka fara kwana a ciki ya gaji, ya biyo ka waje.” Mahaifa ce ta sauko. Idan Iya ta tsaya sai ta leƙo, idan ta yi tari ko ta ɗaga tulu sai fitsari ya zubo. Da tsumma take ɗaure kanta. An yi zaman ruwan bagaruwa, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Shekara biyu ba ta je suna ba, ba ta je biki ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne alwala. Malamai sun ce mai lalura sallarsa ta yi, amma ita ba ta yarda ba. Sai ta yi alwala sau uku kafin ta kai raka'a biyu, tana kuka.

Akwai ɗan gidan likita a garinmu, amma mai duba mutane namiji ne, mutumin Dahome. Iya ta ce gara kabari. Ni kuwa ina cin rani a Badun, cikin masu goro, na ji labarin wata Baturiya likita da ke duba mata a wani asibitin mishan bayan gari. Ita muka nufa.

A bakin iyaka ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, ya sa aka kwance ƙullin kowa. Da ya zo kan na Iya sai ya sa tsinin sandarsa ya ɗago tsummokaran nan ɗaya bayan ɗaya, yana nuna wa abokinsa. Na yi masa magana da Faransanci, wanda na koya tun ina yaro ina yi wa wani kumandan, Baturen mulki, wanki. Na ce tsohuwa ce marar lafiya. Ya ce Faransancina ya fi kayan uwata tsabta, ya cilla tsumman a ƙasa. Gwaggo ce ta tsince su, tana zaginsa ƙasa-ƙasa har kakansa na bakwai.

A Kano muka sauka Fage, gidan wani mutumin Kance da ya daɗe a can. Ya karɓe mu hannu biyu-biyu. Kwana ɗaya matan gidan suka gane, sai aka shimfiɗa wa Iya buhu a rumfar awaki, aka ware mata kwarya da buta. Yaran gidan suna wucewa suna toshe hanci. Ba a kore mu ba, kuma har yau ban san ko in gode wa mutumin ba.

A nan aka cuce mu. Wani mai farar riga da alƙalami a aljihu ya tare ni a tasha, ya ce me zai kai mu Badun bayan ga likita mace a Sabon Gari. Ya kai mu wani gida mai labule. Wata mata ta yi wa Iya allura a cinya, ba ta ko tambayi inda ke ciwo ba, ta ce kwana uku abin zai koma da kansa. Mundayen azurfar Iya, na aurenta, a can suka tsaya. Kwana uku cinyar ta kumbura. Da na koma, na tarar ana sayar da burkutu a ɗakin, ba wanda ya taɓa jin labarin wata likita.

Ranar da za mu shiga jirgin ƙasa Gwaggo ta tubure. Ta je tasha, ta ga kan jirgin yana huci yana tofar da wuta, ta zauna a kan ƙullinta ta ce ita nan ta tsaya. Na roƙe ta. Na ce ta san ba ni da baki a wurin Iya.

Ta ce: “Kana da Faransanci, kana da Turanci, kana da Yarbanci, kana da Barbarci. Baki huɗu ban da na gado. Ni mai ɗaya tal me zan ƙara maka? Ni na gaji da wankin tsumma, ɗan nan. Ba ni ta haifa ba.”

Ta koma Fage. Muka hau mu biyu.

Ban taɓa tafiya mai tsawo irin wannan ba, ni da na taka Sudan da ƙafa. Muna benci ɗaya, tsakaninmu ƙullin kaya. Idan ƙishirwa ta kama ta sai ta dubi taga ta ce, matafiya dai ruwansu ya ƙare. Sai in tashi in nemo, in ajiye butar a ƙasa in ce, ga ruwa nan ga mai so. Ta ƙi sha sosai don kada ya zubo, leɓɓanta suka tsage. Kafin Zariya bencin da ke gabanmu ya zama ba kowa, alhali mutane na tsaye a hanya. Wani mai duba tikiti ya ce da Turanci, yana zaton ba na ji, mutanen Faransa da dabbobinsu wuri ɗaya ya kamata a riƙa loda su.

Bayan mun haye babbar gada a Jabba wata Banufiya mai sayar da kifi ta shigo. Ta dubi Iya, ta dubi ƙasan benci, ta ture ni da gwiwar hannu ta zauna a tsakaninmu. Hausarta kaɗan ce. Ta kwance zanenta na sama ta kare Iya da shi, ta ce in juya baya. Ta canza mata tsumma, ta wanke wancan da ruwan gorarta ta maƙala a taga. Ta ɓare kifi tana ba ta a baki. A nan na ji Iya ta yi magana mai tsawo, tana ba matar labarin akuyarta mai ciki da ta bari a gida, da furar gero da ta yi kwana tara ba ta sha ba. Rabin maganar matar ba ta gane ba, amma tana ta gyaɗa kai. Ta sauka a Ilori. Ban tambayi sunanta ba.

Badun ba ta yi wa Iya daɗi ba. Ta ce garin ba shi da sama, duk itatuwa da kwanon rufi mai tsatsa. Ta ƙi cin teba, ta ce wannan ƙullin sitaci ne na masu wanki da guga. A Sabo, unguwar Hausawa, matar mai masaukina ta dama mata koko ta ba ta ɗaki ita kaɗai, Allah ya jiƙan matar nan.

Asibitin yana da nisa da gari. Mun yi kwana biyu muna layi a ƙarƙashin wani mangwaro. A nan na ga abin da ya ba ni mamaki. Wani Bayarabe, magidanci kamata, ya kawo uwarsa, yana riƙe da tasar fitsarinta, suna gardama da ma'aikaciya da babbar murya a kan abin da ke ƙarƙashin zanen tsohuwar, ita ma tsohuwar tana sa baki tana gyara masa. Na ce a raina, mutanen nan Allah bai raba musu kunya ba.

Da layi ya zo kanmu aka ce akwai wata mai shara da ke jin Hausa, ita ke yi wa matan Arewa tafinta, amma ta tafi garinsu jana'iza, sai bayan mako biyu. Baturiyar, doguwa ce mai furfura da hannaye jajaye, ta tambaya ko ina jin Turanci. Na yi shekara huɗu ina gadi a gidan wani Bature a Ikko. Na ce ina ji. Ta ce to in tsaya a bayan labule.

Tambayoyin farko na iya da su. Haihuwa nawa, shekara nawa da fara ciwon. Nakan faɗa wa labulen, labulen ya amsa. Daga nan Baturiyar ta shiga duba ta. Na ji ƙarar ƙarfe a cikin tasa, na ji Iya na salati. Baturiyar ta fito da wani abu a hannu ta nuna mini. Zobe ne na baƙar roba, kamar awarwaron yarinya. Ta ce tsohuwa ba za ta jure aikin wuƙa ba, jininta kaɗan ne, amma wannan idan aka lanƙwasa aka sa shi a ciki zai buɗe ya tokare mahaifar, ya ɗaga mafitsara. Ta gwada biyu, na uku ya zauna. Ta sa Iya ta tashi, ta yi tari, ta tsuguna, ta zaga ɗakin. Ba abin da ya zubo.

Sai ta yaye labulen. Iya na zaune a bakin gado, ta ja mayafi har goshi. Baturiyar ta tsaya a tsakaninmu ta ce yanzu ga magana mafi muhimmanci, in faɗa mata kalma da kalma. Ta ɗaga yatsu. Kullum ta wanke cikin gabanta da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Duk wata uku a zaro zoben, a wanke, a duba naman wurin, a mayar, ko a nan ko a kowane asibiti, kuma duk shekara a sake sabo. Idan ta ga jini, ko ruwa mai wari, ko ta ji zafi a wurin, a cire shi a ranar. Ta ce roba ce, idan aka bar ta tana cin nama. Ma'aikaciyar da ke gefe ta maimaita mini duka da Yarbanci, har da nuni da yatsa yadda ake kamo bakin zoben a jawo.

Sau biyu na ji shi, cikin harshe biyu, ban rasa kalma ko ɗaya ba. Na buɗe baki. Kalmomin Hausar suna nan, na san su, kowane yaro ya san su. Na dubi ƙafafun Iya a ƙasa, da kaushinsu, da yadda babban yatsanta ke murza siminti.

Na ce: “An ce an gama. An ce a bar ɗaukar kaya mai nauyi, a riƙa tsabta.”

Baturiyar ta dube ni. Ta ce maganarta ta fi wannan tsawo. Na ce Hausa gajeren harshe ne. Ta tambaya ko tsohuwa ta gane zancen wata uku. Na juya na ce, an ce a gode wa Allah. Iya ta gyaɗa kai da ƙarfi ta ce Alhamdu lillahi. Baturiyar ta gamsu. Ta rubuta komai a takarda ta ba ni.

Ban yi niyyar ɓoyewa ba. Na ce idan mun koma Kano zan gaya wa Gwaggo, ita ta faɗa mata, mace da mace. Matar mai masaukina ma ta zo mini a rai, amma matar aure ce a cikin kulle, ta ina zan fara?

A ranar, a ƙarƙashin mangwaron nan, Iya ta yi alwala ɗaya ta yi azahar da ita, ta zauna a wurin har la'asar ta yi da ita. Da ta sallame sai ta dubi itacen ta ce, wanda ya yi wannan ɗawainiya Allah ya ba shi masu yi masa. A jirgin komawa mutane suka zauna kusa da ita. Har goro ta raba.

A Fage aka ce Gwaggo ta bi mota ta koma gida tun tuni. A masaukinmu na tarar da wasu mutanen Dungu, 'yan yankinmu, za su koma shirin damina, ni kuma ga wani fatake na neman mai jin harsuna ya raka shanu Kumasi. Na damƙa musu Iya. Na ce wata uku ai da sauran lokaci, zan dawo kafin nan.

Shekara uku na yi. Daga Kumasi zuwa Ankara ta bakin teku, daga nan aikin tashar jirgin ruwa. Sau biyu na zauna zan aika wasiƙa. Amma wasiƙa a garinmu malam ake kai wa, ya karanta da ƙarfi a zaure, maza na zaune. Na rubuta gaisuwa, na sa a gaida Gwaggo, na rufe. Labarin da ke zuwa mini kuma mai daɗi ne. Iya na zuwa biki, Iya ta yi azumi cikakke, Iya ta koma sussuka. Na ce wa kaina Turawa da ma sun cika tsoro, su da ke dafa ruwan sha.

Da na dawo ban sami Iya a ɗakinta ba. An yi mata bukka a bayan gida, kusa da turken jaki. Tun daga zaure na ji warin, kuma ba irin na da ba ne. Gwaggo ta ce kusan shekara ke nan tana zubar da jini da mugunya, ta ɓoye har ta kasa tashi. Mata sun ce a ciro abin Nasaran, Iya ta hana. Ta ce likita ta sa shi da hannunta ta ce an gama, kuma ba a buɗe laya, ba a mayar da kyauta.

Wannan karon ba ta da ƙarfin ƙin namiji. Muka kai ta Damagaram a kan buhunan wake. Likitan soja ne, Bafaranshe, gajere mai sanƙo. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya ce zoben ya nutse, nama ya rufe shi, ya huda mafitsara. Ya yanko shi gutsure-gutsure, amma ramin da ya bari ba mai iya ɗinke shi a ƙasar nan. Ya ce waɗanne irin jahilai ne za su sa wa mace wannan su sallame ta ba bayani. Na ɗauko takardar daga jakar layuna, inda ta yi shekara uku. Ba ya jin Turanci. Ya ce in karanta masa. Na tsaya a barandar gidan likita na juya masa ita zuwa Faransanci, layi bayan layi, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Ya tambaya wa ya yi tafinta a ranar. Na ce ni ne. Ya ninke takardar ya sa mini a aljihu da hannunsa, ya kira mai bin mu a layi.

Muka komo da ita bukkar. Yanzu ba sai ta yi tari ba, zuba yake yi ba tsayawa, dare da rana. Fatar cinyoyinta ta saɓule. Ta bar alwala, sai taimama, daga baya ta bar ƙirga lokutan salla.

Wata safiya na kira Gwaggo bakin bukkar. Na tsuguna a waje, inda Iya za ta ji. Na faɗa wa Gwaggo duka, abin da Baturiya ta ce da abin da ni na ce. Na ce ta roƙar mini gafara. Gwaggo ta miƙe. Ta shiga. Ba ta maimaita komai ba, don ba bukata.

Muryar Iya ta fito ta cikin zana, siririya.

Ta ce: “Dije, gaya wa wancan ya tashi, ba abin yafewa. Da ya buɗe baki ya faɗa mini wannan magana a gaban Nasara, da a rijiyar asibitin za a tsamo ni. Ɗa na haifa mai kunya. Ki gaya wa mata.”

Ta rasu kafin a girbe gero. Gwaggo kuwa ta cika saƙo, ta gaya wa mata. A zaman makoki labarin ya zaga, daga tsakar gida ya fito zaure. Liman ya kawo shi a cikin nasiha. Mutane suka riƙa miƙo mini hannu bibbiyu, suna cewa irinmu sun ƙare, ɗan da ya san bakin duniya biyar amma ya riƙe harshensa a gaban mahaifiya.

Yau na haura tamanin. Kwanan baya wani maƙwabcina ya kawo mini ɗansa na fari, wanda ya gama lakwal, makarantar boko, zai tafi karatun likita. Ya ce yaran yanzu idonsu ya buɗe da yawa, in ba shi labarin Badun ya ji yadda ake kunya, in kuma sa masa albarka. Saurayin ya durƙusa ya cire hula. Uban na tsaye a kanmu yana murmushi, yana jira. Na ɗora hannu a kan saurayin na ce Allah ya yi albarka, suka tafi.